Maginin da ya ƙi sauke mini rufi

Damina guda cur na yi ina kwana da bokiti uku a ɗakin yara. Gidanmu yana Lazare a nan Yamai, ginin siminti ne mai rufin kwano, irin wanda ake ɗaga katanga a kewaye kwanon har ba a hango shi daga waje. Tun ruwan 2024, wanda ya kayar da gidaje ba iyaka a ƙasar nan, filafon ɗakin ya yi tabo kamar an kifar da shayi, kuma kullum ƙara faɗi yake. Ni kuwa sai wani abu ya kama ni wanda ban cika faɗa wa mutane ba. Da gabas ta yi baƙi, iskar ƙura ta taso, sai gabana ya yi ta faɗuwa, tafin hannuna ya yi sanyi. Jama'a na murnar hadari, ni ina tunanin katifu. Ko a cikin aji nake, bakina na karatu, idona na taga.

Mutum biyu sun duba kafin wannan da zan ba ku labari. Babu wanda ya taka tsani a cikinsu. Daga tsakar gida suka ɗaga kai, suka ce a sauke kwanon duka a sa sabo, ɗaya har ya yanke jika 600, wato sefa dubu ɗari shida. Maigidana yana aiki a Agadas, ni malamar lakkwal ce a Harobanda, ƙetaren kogi, kowa ya san abin da albashinmu ke iya ɗauka.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da na ukun, wani dattijo Ba'adare, mutumin wajen Buza, mazaunin Kirkisoy, can ƙetaren kogi. Muka yi magana a salula, muka tsayar da Litinin da sassafe, kafin in fita. To Litinin ɗin nan ce 'yan taksi suka shiga yajin aiki, suna kukan yawan tara da tsadar kayan gyara, masu faba-faba ma suka aje motocinsu. Na fito bakin gudaro ƙarfe shida da rabi, babu jan kan taksi ko ɗaya, sai mutane cirko-cirko. Magini bai zo ba, salularsa a kashe. Na ce shi ke nan, an fara.

Wani mai kabu-kabu ya ce jika ɗaya da rabi zuwa ƙetare, tafiyar da na saba yi da kwas biyu na taksi. Na hau, ni da ban taɓa hawa moton wani ba in ba na ƙanena ba, jaka a ƙirji, hannu ɗaya na riƙe ƙarfen baya, ɗaya na kame mayafi. A bakin gadar Kennedy muka cije. Gadar nan tun 1970 take, hanya biyu ce kawai, ranar kuwa kowa ya zubo mata: ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni a ƙasa, masu kekuna, sharetin jakuna, mata da kayan lambu a ka. Sai na ce wa yaron ya sauke ni, in ƙarasa da ƙafa, don cinyoyina sun fara rawa.

Ina tsakiyar gada salulata ta yi ƙara.

"Malama, ki yi haƙuri, ba mu da kuran tun jiya, sai yanzu na samu caji. Ina bisa gada."

"Baba, wace gadar? Ni ma ina kanta."

Haka muka fara ganin juna, a jikin ƙarfen gada, kogi na wucewa a ƙasa jawur. Gajere ne, farin gemu, da hula ta sha rana, yaronsa na bayansa da kayan aiki a cikin tsohon buhun shinkafa. Daga Kirkisoy suka taso a ƙasa. Na ba shi abansi jika 10 a nan tsaye, na kwatanta masa gida, na ce ƙanwata tana nan. Na wuce ina faɗa wa kaina cewa yau na ba baƙo kuɗi a kan hanya kamar wadda aka yi wa asiri.

Ƙarfe sha ɗaya ya isa. Abin da ya yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ya aro tsani a maƙwabta, ya hau, ya sa ƙanwata tana miƙa masa ruwa bokiti-bokiti, yaron kuma yana cikin ɗaki ya cire falle ɗaya na filafon yana haska fitila. Yanki-yanki yake zuba ruwan, daga ƙasan gangare zuwa sama, in yaro ya ce ga shi, sai ya yi alama da gawayi. Lokacin da na dawo da la'asar, a ƙasa rabin hanya, rabi a bayan motar wani mai tausayi, na tarar da hotuna a salular yaron da bayani uku. Robar da ke ƙarƙashin kan ƙusoshi duk ta ƙone da rana ta farfashe, ruwa na bin jikin ƙusa. Simintin da aka liƙe mahaɗar kwano da katanga da shi ya tsage, don kwano yana buɗewa da zafin rana ya tsuke da dare, siminti kuwa ba ya motsi kamarsa. Na ukun ya ba ni kunya: indararo ya toshe da ganyen dogon yaron ƙofar gidanmu da leda har da wani takalmin yaro, ruwa ya rasa mafita sai ya koma baya ya haye kan kwanon.

"Kwanon ga lahiya lau shike, ɗiyata," in ji shi. "Wanda ya ce a sauke shi, ko dai bai hau ba, ko yana da mai saye."

Yanzu ga inda zan rage masa maki. Ya ce mini jika 38 duka da kaya. Aka ƙare a 52. Wani ɓangaren ba laifinsa ba ne, don Talata yajin aikin bai ƙare ba, mai sharetin da ya ɗauko siminti buhu biyu da yashi daga Katako ya ninka kuɗinsa. Amma ƙwaltar nan mai mannewa da ake shimfiɗawa a mahaɗa, nadi biyu ya lissafa, aka ci huɗu, kuma sai da ya saye sannan ya faɗa mini. Laraba kuma ko ƙeyarsa ban gani ba, ashe suna aka yi a gidan ɗan'uwansa, bai ga dalilin sanar da ni ba. Daren nan an yi walƙiya a gabas, rufi rabi a kwance, ban runtsa ba. Sannan ba mai tsabtar aiki ba ne. Kwana biyu muna kankare ɗigon siminti a karo na baranda da bakin cokali.

Alhamis ya dawo kamar ba a yi komai ba. Na yi niyyar yi masa faɗa, sai ƙanwata ta kawo shayi, hira ta ɓalle. Ban san yadda aka yi na faɗa masa maganar faɗuwar gaban nan ba. Bai ce mini in yi tawakkali kawai ba, kamar yadda kowa ke cewa. Ya ce a 2020, da kogi ya fasa ya shiga unguwannin ƙetare, ɗakinsa biyu suka zauna, sun yi makonni a cikin aji da iyalinsa. Har yau, in ji shi, in Agusta ta yi, yakan tashi cikin dare ya tafi ya leƙa ruwan kogi, sai ya ga inda ya tsaya sannan barci ke ɗaukarsa. Sai ya nuna tsani ya ce in hau.

"Baba, ni?"

"Ke hwa. Rufinki ne, ba ki taɓa ganinai ba."

Na ɗaure zani na hau, yana riƙe da ƙafar tsanin. Kwanon da na shekara ina ganinsa a raina kamar rariya, ga shi nan shimfiɗe, fari tas, sababbin ƙusoshi a jere da baƙar robarsu, ƙwalta ta bi gindin katanga, indararo a share. Ya nuna mini inda zan sa yaro ya dinga kwashe ganye, a watan Mayu kafin ruwan fari, da kuma bayan kowace babbar iska. Daga can sama har rufin maƙwabta na hango, wasu da duwatsu da tsofaffin tayoyi a danne.

An yi manyan ruwa huɗu tun daga lokacin. Ɗakin yara ko ɗigo. A na biyun an samu tsiyaya a kusurwar kicin, inda bai taɓa ba tun farko, na kira shi, ya zo washegari, wannan karon a faba-faba, ya liƙe bai karɓi ko dala ba. Farkawa dai har yanzu ina yi in an fara tsawa, in je in shafa ƙasan ɗakin da ƙafa a cikin duhu, sai dai yanzu ina komawa in yi barci.

Tabon filafon yana nan, ya ce kada a taɓa shi sai katakon ya bushe bayan damina. Mun yi da shi sai Oktoba. Na riga na faɗa masa cewa wannan karon a takarda za mu rubuta kuɗin, kaya daban, hannu daban, kuma in akwai suna ko biki a danginsa a makon, ya gaya mini tun ranar Lahadi. Ya yi dariya ya ce Adarawa ba su rabuwa da suna.