Fijo 504 haɗin Kaduna da Corolla 'yar Baljiyam: abin da na gani da idona

Motar da na fara riƙe sitiyarinta Fijo 504 ce, fara, wadda Baba ya saya da bashin mota lokacin yana aikin gwamnati. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Da Baba ya yi ritaya, ciwon ƙafa ya hana shi taka kuloci, sai makulli ya dawo hannuna. Shekara 9 na yi ina hawanta, sannan na sayi Toyota Corolla ƙirar 2005, wadda ita ma ta shekara 11 a hannuna. Su biyun nan duk na san halinsu kamar yunwar cikina.

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi a 504 ba shi ne ƙafarta. Hanyar ƙauyenmu da damina sai wanda ya gani: laka, kwazazzabo, ga ramukan da manyan motoci suka haƙa. Sai in loda buhun masara 4 a but, mutum 5 a ciki, ta ratsa tana lilo kamar kwale-kwale. Tayoyin baya ne ke tura ta, ga tsayi, cikinta ba ya taɓa ƙasa. Idan ka buɗe bonet kuwa komai a fili yake, kafireto, lagireto, filogi, hannunka zai kai ko'ina. Wata rana fambel ya tsinke mini dab da magariba kusa da Funtuwa. Wani yaron bakanike da bai fi shekara 15 ba ya leƙa, ya ce, "Malam, ai Fijo ce, kwantar da hankalinka." Ya hau keke ya tafi. Kafin in idar da salla ya dawo da sabo ya ɗaura. A wancan zamanin da wuya ka sami garin da babu kayan Fijo.

Ba wai ba ta da nata ba. Injin kafireto ne mai lita 2, dole ya fi na zamani shan mai, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan ya zama babbar magana. Idan ka sha man bumburutu mai datti, sai an kwance kafireto an wanke. Da tsufa ya zo, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi.

Ita Corolla daga Amurka ta fito, ta biyo ta Kwatano, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Duk da haka 'yar Baljiyam muke ce mata, kamar kowace gwanjo. Dillalin da ya haɗa cinikin ya rantse mini cewa wata tsohuwa ce ta riƙe ta. Sai da muka hau rami a gareji na ga cikinta ya yi ja da tsatsa, irin wadda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ke haifarwa. Mai rewaya kuma ya tabbatar mini an taɓa agogon kilomita. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don shekaru na yi ina tara kuɗin.

Amma gaskiya ɗaya ce, injin nan bai taɓa kunyata ni ba. Lita 1.8 ne, mai sarƙa, kuma har yau ba a buɗe shi ba. Juyen baƙin mai a kan kari, tace iska, shi ke nan. Da sanyin hunturu tashi ɗaya take yi, mai kuma kaɗan take lasa. Inda take jin jiki shi ne ƙasa. An yi ta ne don titi mai santsi. Sau 3 ina canja shokozoba, ɗaya daga ciki jabu aka sayar mini a kwali mai kyau, wata 2 ya yi ya fara yoyo. Ƙauye kuwa da damina na daina kai ta.

Masu cewa ta waje ta fi ƙarko suna manta wani abu. Fijo sabuwa fil Baba ya ɗauko ta, mun san tarihinta tun daga ledar kujera. Corolla kuwa sai da wani ya more ƙuruciyarta. Kuma abin da ya raya su duka biyun iri ɗaya ne: ka shiga kasuwar kayan gyara ta Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ka fito da abin da kake nema, kowane bakanike kuma ya san ciwonsu. Surukina ya sayi wata tsaleliyar mota ta waje, ba zan faɗi sunanta ba, ta fi tawa sabunta da tsada. Wata 'yar na'ura ta lalace a giyarta, motar ta yi wata 4 a ƙarƙashin darbejiya ana jiran saƙo daga Legas, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Shi ya sa nake jin zafi duk lokacin da na wuce Kakuri. Turai ta daina yin salun ɗin 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, saboda ta dace da hanyoyinmu. Yau akwai kamfanin haɗa motoci na Innoson a Nnewi, ga kamfanin Dangote da Fijo da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022, kuma ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya. Ranar da na ga kayan gyaransu jibge a Panteka, yaran gareji suna kwance su ba tare da dogon tunani ba, ranar zan fara tara kuɗi.

Ita 504 ɗin Baba tana hannun ƙanena a ƙauye. An sake mata fenti, an yi mata ringi sau 2. Ran kasuwa ita ke kai tumatir bakin titi.