Wata takwas da sifesa a ƙafafun Camry ɗina

Ban sa sifesa don ado ba. Sababbin rim na saya wa Camry ɗina ƙirar 2009, sun fi na asali faɗi, sai tayar gaba ta riƙa gogar shokozoba ta ciki. Bakanikena ya ce ko dai in mayar da rim ɗin, ko a sa sifesa, wato faranti, tsakaninsa da ƙafar motar don ya ɗan turo shi waje.

Na farko da na saya a wani shago irin siraran nan ne masu ramuka barkatai, waɗanda ake cewa suna shiga kowace mota. Ba na ba kowa shawarar su. Ba su da leɓen da rim ke zama a kai, don haka tayar ba ta daidaita a tsakiya. A hanyar Zariya, ina kai gudun kilomita 100 sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. Da muka kwance, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne noti zagaye biyar kawai yake yi ya tsaya, domin farantin ya cinye tsawon bolti. Boltin Camry kaurinsa milimita 12 ne, ana son noti ya kama aƙalla tsawon haka, wato zagaye 8. Kuma da iyalina a motar na yi wannan tafiya.

Na biyun shi ne har yau nake kai. Na alminiyam ne, kaurin milimita 20, ana ɗaure shi a ƙafar da nasa notin, sannan rim ya hau kan boltin da ke jikinsa. Lamba biyu na riƙe kafin in biya: ramukan bolti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, ramin tsakiya kuma milimita 60.1. Na Honda Accord ma 114.3 ne, amma tsakiyarsa 64.1, zai shiga ya bar sako-sako. Mai kaya zai iya ce maka duk ɗaya ne, ka sa a auna a gabanka.

Wajen ɗaurawa mun fi ɓata lokaci kan kankare tsatsar fuskar ƙafar, don ko ɗan ɓurɓushi ya rage farantin zai zauna a karkace. Mun kuma duba cewa kan tsohon bolti da ya leƙo ya samu gurbi a bayan rim. Na hana a taka sifana da ƙafa yadda aka saba, aka aro sifana mai auna ƙarfin ɗauri muka ɗaure a 103 Nm, wato ma'aunin ƙarfin. Bayan kilomita 100 na koma aka cire tayoyin aka sake duba notin ciki.

Gogar ta daina, rawar sitiyari ta tafi. Sai dai da damina taɓo na fantsamar ƙofofi fiye da da, kuma in na faɗa rami sitiyarin yakan ɗan fizge ni. Nauyin da ke kan boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, ma ya ƙaru, shi ya sa duk lokacin juyen baƙin mai nake sa a ɗaga motar a girgiza kowace taya. Zuwa yanzu ba wadda ta yi motsi.