Karamin injin kyankyasa da na saya a Sabon Gari, da maganar kaza mai kwanci

Yan uwa masu ta tambayata kan karamin injin kyankyasar nan na roba da ake kawowa daga Chaina, wanda ake samu a shagunan kayan kaji na Sabon Garin Zariya, gsky injin ba laifi amma ba kowa zan cewa ta saya ba.

Dalilin da yasa na saya shine kajina na gidan gona ne, masu kwai, kuma irin wadannan basa kwanci. Ko kazar Shika Brown din da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar don kwai aka yi ta, zata saka miki kwai ta tashi tayi gaba abinta, ba ruwanta da zama a kai. To in kina son tsaki dole ki nemo wata hanya. Kuma don Allah a daina daukar kwan kiret na kanti ana sawa a inji, kajin da suka saka shi basu ga zakara ba, ko shekara zai yi a ciki ba abinda zai fito.

Injin yana juya kwai da kansa, yana nuna zafi a dan allo, ana barinsa wajen digiri 37.5 zuwa 37.8, a kasa akwai wurin zuba ruwa saboda danshi, da hunturun Zariya kuwa ruwan nan da nan yake kafewa sai kina lekawa. Bayan sati daya in kika haska kwan da tocila cikin duhu zaki ga jan jijiyoyi kamar saiwa, wanda yake fayau ki cire shi tun kafin ya zama bara-gurbi. Rana ta 18 a tsaida juyi, wajen rana ta 21 zaki fara jin tsiyau tsiyau tun suna cikin bawo. Wannan bangaren kam ya burge ni, yara ma basa barin wajen.

Matsalar itace wuta. In aka dauke ta tsawon dare kwai ya huce zai iya lalacewa, don haka in baki da sola ko batir ki nemi mai hade da batir 12V ko ki rike kudinki. Sannan in 'yan tsakin sun fito kece uwarsu, ki kunna gawayi a tukunya ki kwana kina duba ko sun taru wuri daya don sanyi, wlh aiki ne.

Shi yasa yanzu rabin kwan, kazar Hausa nake bawa. Ita dama kwanci a jininta yake, taimako kadan take so, ki samu fasasshiyar tukunya ko tsohon kwando ki kai lungun da ba haske sosai, ki barbada toka a kasa saboda kwarkwata, ki dora ciyawa ko buntun shinkafa, sai ki daina kwashe mata kwai kaf, ki bar wasu kiyi musu alama da gawayi. Ran da kika ga ta ki tashi, ta bubbude gashi tana kai miki sara in kin miko hannu, to ta kama. Da daddare sai ki sauya mata da kwan da kike so, 10 zuwa 12 ya ishe ta, ki aje mata ruwa da tsaba kusa. Da damina ma kwan zabi nake sa mata, shi yana kaiwa wajen kwana 28 kuma tana zama tsaf. Ita dai bata da lokaci, sai ran da taga dama, nan ne kawai inji ya fi ta.

Sai maganar muhalli wadda mai shago ba zai fada miki ba. Dakunan hayan Samaru da Kongo da aka yi don dalibai, siminti ne ko ina, ga makwabta, zakara yayi cara da asuba a kai kararki wajen mai gida, kaza ta taka shanyar wata ayi ta cacar baki. Cikin birni gidajen gado akwai tsakar gida mai kasa, haka in kika fita wajen Bomo, Basawa, Dakace ko Shika fili ba matsala, sai dai can kuma shirwa da muzuru, dole akurki mai kofa da ake rufewa da magariba. In zaku kama haya maigida ya tambayi dillali tun kafin a biya ko an yarda da kiwo, ayi maganar gaban shaida.

In kin yanke shawarar sayen injin, ki sa a jona shi a shagon ki ga zafin ya hau kuma tiren yana juyawa, ki tambaya ko suna da fanka da hitarsa na canji, don ni da fankar nawa ta fara kara sai wajen mai gyaran rediyo na kai.