Nozul na motar gas: sabo, gyararre ko na Beljiyam?

Mai kayan gyara zai jera maka nozul, wato abin da ke fesa mai a cikin inji, guda huɗu a kan benci, duk kamarsu ɗaya, kuɗin na farko ya ninka na ƙarshe sau da yawa. Ido ba ya raba su. Abin da ya bambanta su yana ciki, a wata allura da ƙananan ramuka waɗanda kaurinsu bai wuce na gashin kai biyu ba. Shi ya sa sayen nozul da ido kamar sayen kifi ne a ruwa.

Kafin maganar kuɗi, ka san irin injin da ke gabanka. Tsofaffin injinan gas, irin 5L na Hilux da Hiace ko 1HZ na Land Cruiser, nozul ɗinsu ƙarfe ne da sifirin kawai. Famfo ya turo mai, matsi ya kai wajen bar 150, allura ta ɗaga, mai ya fesa. Ba lamba, ba kwamfuta. Masu irin wannan inji sun huta: ka kwance su a gida da sifana, ka kai wa mai gyaran famfo, ya canza musu baki, ya daidaita matsin a gabanka. Idan an ɗora a na'urar gwaji aka danna hannu, lafiyayye yana fitar da feshi kamar hazo da wata 'yar ƙara, mai ciwo kuwa ɗiga yake yi ko ya tsarto mai kamar fitsarin jariri. A nan sayen sabo sukutum asarar kuɗi ne, sai in jikin ya tsage.

Rigimar tana wajen injinan zamani, masu bututu ɗaya da ke tara mai ya raba wa dukan nozul, irin D-4D na Toyota, CDI na Marsandi da dCi na Renault. Kamfanin Denso ne ya fara sa wannan tsari a manyan motocin Hino a 1995, ya shigo ƙananan motoci a 1997 ta Alfa Romeo 156 da kayan kamfanin Bosch. A ƙananan motoci matsin man ya fara daga bar 1,350, yanzu wasu sun haura 2,000. Kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke buɗe nozul ta rufe, sau da yawa a bugu ɗaya. A yawancin waɗannan injina, kowane nozul yana fitowa daga masana'anta da lambar gyaran awo a kansa: na Bosch harafi 6 ko 7, na Delphi 16 ko 20, na Denso da ke kan Hilux 30. Wannan lamba ce ke gaya wa kwamfuta ɗan bambancin da ke tsakaninsa da 'yan'uwansa. Ka ɗaura ba ka shigar da ita ba, mota za ta tashi, amma da ƙwanƙwasa da hayaƙi da shan mai.

Sabo na asali shi ne kwanciyar hankali, in aljihu ya ɗauka. Abin da mutane da yawa ba su lura ba, Toyota ba ya ƙera nozul ɗin D-4D da kansa, Denso ke yi masa. Haka Marsandi da Bosch a yawancin CDI. Saboda haka wanda ya zo a kwalin maƙerin yakan fi sauƙi a kan wanda ya zo a kwalin kamfanin motar, alhali abu ɗaya ne. Sharaɗi dai lambar kaya ta yi daidai da ta tsohon naka. Injin 1KD na Hilux kaɗai ya yi amfani da nozul iri daban-daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka kai motar, don haka "na Hilux ne" ba amsa ba ce. Ɗauki hoton lambar a waya kafin ka fita kasuwa.

Gyararre shi na fi ba mutane shawara, amma kalmar tana da fuska biyu. Akwai wanda aka kwance, aka canza baki da bawul, aka ɗora a na'ura aka auna man da yake bayarwa a ƙaramin gudu da babban gudu da wanda yake mayarwa tanki, aka fitar masa da sabuwar lamba. Akwai kuma wanda aka wanke da fetur aka goge da buroshi har ya yi ƙyalli. Takardar gwaji ce ke raba su. Mai shago ya ce maka "Alhaji, ka yarda da ni kawai", ka ce ka yarda, amma a kawo takarda.

Na Beljiyam, wanda za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, caca ce. Yana iya zama na asali da bai yi aiki sosai ba, yana iya zama wanda ya gama rayuwarsa a Turai, ga tsatsa a ciki saboda zaman kwantena. Na taɓa sayen huɗu a hannun wani, tsaf da su a ido. Da aka ɗora a na'ura, biyu suna mayar da mai kamar an buɗe famfon wanka. Allah ya so ni mun yi da shi cewa sai an gwada ciniki zai faɗa. Kada ka biya sai da wannan sharaɗi.

Na kwaikwayo mai arha a kwali mai kyau kuwa, ni dai ba na sa shi a injin zamani. Nozul da ke zubar da mai fiye da kima yana iya fasa fistin, ka ga arha ta kai ka ga sauke inji.

Ɗaya za a canza ko duka? In sauran sun ci gwaji, ɗaya ya isa. In motar ta yi tafiya mai yawa kuma biyu sun faɗi, sauran ma suna hanya. Kuma ka tabbata nozul ɗin ne: toshewar filta ko raunin famfo suna kawo irin wannan wahalar tashi da safe.

Kuɗin nozul ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsa ba a maimaita ta, kuma dole a share mazauninta tas. A CDI, in ta yi yoyo, wani baƙin abu kamar kwalta ke taruwa ya kama nozul har sai an sa na'urar zaro shi, kusoshin da ke danne shi ma sau ɗaya ake ɗaura su. A 1KD nozul yana ƙarƙashin murfin inji, don haka yoyon yana shiga baƙin mai, dattin ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta ciki, inji ya ƙone a hankali ba ka sani ba. Toyota na so a canza bututan ƙarfe duk lokacin da aka canza nozul. Ƙara sabuwar filta, kuma in ka san kana shan man bumburutu, a sauke tanki a wanke, in ba haka ba ruwan da kananzirin da suka ci tsohon su za su ci sabon.

Mai son yi a gida yana buƙatar sifana mai awon ƙarfin ɗauri, da wuri marar ƙura, ba tsakar gida a lokacin hunturu ba. Duk bututun da ka buɗe ka toshe bakinsa nan take. Kada ka sassauta noti inji na aiki, kada kuma ka laluba yoyo da yatsa, domin man da ke kan wannan matsi yana huda fata ya shige nama. Ka rubuta lambar kowane nozul da silindar da ya shiga tun kafin ka rufe murfi, sannan ka kira mai kwamfuta ya shigar da su. Ka yi ciniki da shi tun kafin ka kwance noti na farko.