Content ID na YouTube: mai ƙara shi ne alƙali

Duk mai tasha a YouTube ya san saƙon nan da ke cewa an samu kayan wani a bidiyonsa, abin da masu harkar ke cewa "kwafirait ya kama ni". Mai aiko shi Content ID ce, manhajar da kamfanin ya fito da ita a 2007. Kamfanin waƙa ko na fim zai ba ta asalin fayil, ta haddace sautinsa da hotonsa, sannan ta riƙa gwada shi da duk abin da aka ɗora. In ta ga kama, sai ta zartar da abin da mai kayan ya zaɓa tun farko: a toshe bidiyon, ko a sa masa talla kuɗin ya tafi aljihunsa, ko a sa ido kawai. Yana ma iya toshewa a wata ƙasa ya bari a wata.

Inda take da amfani ba ma musu. Wanda ya kwashi fim sukutum ya sake ɗorawa, ko da ya rage ingancin hoton, galibi cikin mintoci take damƙe shi. Sai dai ba kowa ake ba wa ita ba. Manyan kamfanoni da dillalan waƙa ne ke riƙe da ita, ƙaramin mai tasha kuwa abin da yake samu ɗan kayan aiki ne mai nuna masa wanda ya kwafe shi, sauran ya bi da hannu.

Aibinta shi ne kama kawai take gani, ba ta san mai abu ba. A 2012 an sauke bidiyon da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗora na saukar na'urarta Curiosity a duniyar Mars, saboda wata kafar labarai da ta haska hoton ta bayyana a matsayin mai shi. A 2015 wani mawaƙi a Ostireliya ya ɗora awa 10 na shuuu irin na rediyon da ya rasa tasha, zuwa 2018 ya samu da'awa biyar a kai, wato iƙirarin cewa kayan na wani ne. Wasu mutum biyu a jihar Arizona, da kamfani mai suna MediaMuv, sun yi iƙirarin mallakar waƙoƙi sama da 50,000 da ba nasu ba, suka kwashi fiye da dala miliyan 20 cikin kusan shekara huɗu kafin a kama su. A 2021 kuma an ɗauki wani ɗan sanda a Kalifoniya yana kunna waƙa a wayarsa, ya faɗa da bakinsa cewa don kada a iya ɗora bidiyon da ake ɗaukarsa ne.

A wajenmu, inda ta fi cizo wajen kiɗa ne. Mai situdiyo ya sayar wa mawaƙa uku kiɗa ɗaya, ko su duka su sauke na kyauta a intanet. Ɗaya ya kai waƙarsa wurin dillali irin DistroKid ko TuneCore ya kunna Content ID, daga ranar sauran biyun sun zama ɓarayi a idon manhajar, ko da sun riga shi fitarwa. Ƙa'idar YouTube ta hana yin rajistar abin da ba naka kai kaɗai ba, amma sau da yawa ba a ganowa sai an yi ƙorafi. Haka bidiyon biki: daƙiƙa kaɗan na waƙar da DJ ya saka a bayan fage sun isa a ɗora da'awa a kan ɗaukar awa guda. Har mawaƙi dillalinsa kan kama shi a tasharsa, in bai nemi a sa tashar cikin jerin waɗanda aka yafe wa ba.

Da'awa ita kaɗai ba ta taɓa lafiyar tasha, kuɗi take ci. Katin gargaɗi ne mai kisa, uku cikin kwana 90 an rufe tashar. Hanyar ƙorafi kuwa daga da'awa take kai mutum ga katin. Za ka shigar da jayayya a YouTube Studio, shafin da mai tasha ke kula da bidiyonsa, sai a miƙa ta ga wanda ya yi da'awar, a ba shi kwana 30 ya duba ko ya yi kuskure. In ya yi shiru da'awar ta faɗi. In ya ce yana nan kan bakansa, ka ɗaukaka ƙara, a sake kai masa, wannan karon kwana 7. Ya ƙi, sai ya nemi a sauke bidiyon, kai kuma ka sha kati. Abin da ya rage shi ne takardar martani ƙarƙashin DMCA, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998: ka ba da cikakken sunanka da adireshi da lambar waya, a tura wa abokin shari'arka, ka kuma amince kotun tarayya ta Amurka ta saurari maganar. Yana da kwana 10 na aiki ya nuna ya shigar da ƙara, in ba haka ba a dawo da bidiyon. Mutumin da ke Kano ko Maraɗi zai sa hannu a wannan? Shi ya sa da yawa ke haƙura. Rahoton YouTube na rabin farko na 2021 ya nuna da'awa miliyan 729, waɗanda aka yi jayayya a kansu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma kusan kashi 60 na jayayyar mai ɗorawa ne ya yi nasara.

Abu ɗaya da mutane ke asara a kansa: in ka yi jayayya cikin kwana 5 da shigowar da'awa, ana riƙe kuɗin tallan tun daga ranar farko har a warware. Ka wuce kwana 5, riƙon daga ranar jayayyarka zai fara, na baya ya tafi, alhali kwanakin farko ne bidiyo ke kawo kuɗi.

Kayan gyaran da ke cikin Studio matsakaita ne. Yanke wurin yana aiki amma yana barin tsalle a magana. Goge waƙar kaɗai yana yi in murya ta fi kiɗan ƙarfi, a hayaniyar biki kuwa sai muryoyin su koma kamar daga cikin randa. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyo ba ya hana komai. Abin da ke aiki shi ne ka fara ɗora bidiyon a ɓoye, ka ba shi 'yan awoyi a gama tantancewa kafin ka sake shi, ka ajiye fayil mai murya daban da kiɗa daban don sauƙin canji, kuma ka karɓi takarda daga mai situdiyo da ta faɗi ko kiɗan naka ne kai kaɗai da wanda ke da izinin yi masa rajista. Mai yin Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, ya kula: wanda ya wuce minti ɗaya, in da'awa ta hau shi, toshe shi ake yi a duk duniya har sai an janye ta.