Rurin fankar tsohuwar kwamfuta: wanki da sabon mai, ko sabuwar fanka?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da Dell OptiPlex 780 mai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta) Core 2 Duo E8400, wadda kake buga wa mutane takardu da ita a shago, kuma tun shigowar zafi fankarta ke ruri kamar injin markaɗe. Wani mai gyara ya ce a buɗe ta a kakkaɓe ƙura a shafa wa furosesa sabon mai, wani kuma ya ce fankar ce ta gama aiki, sai dai a sayi sabuwa. Kana so ka san na wa za ka bi.

Kowannensu na iya yin gaskiya, domin ciwo biyu ne daban suke yi wa magani. Kunnenka ne zai raba gardamar kafin ka kashe ko kwabo.

Ka kunna ta da sassafe bayan ta kwana a kashe, ka saurara. In ta tashi a hankali, sannan bayan minti goma ko ashirin ƙarar ta soma hauhawa, kuma ƙarar ta iska ce, fuuu, ba kaɗawa ba gurnani, to fankar lafiyarta ƙalau. Umarni take bi. Babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard) ya ji furosesa ya ɗau zafi, shi ya sa ya ƙara mata gudu. In kuwa tun daga kunnawa kake jin gurr-gurr ko ƙas-ƙas, wani lokacin ma ya ragu idan ta ɗumama, ko ya canza in ka ɗan bubbugi akwatin, to gindin da fankar ke juyawa a kai ne ya cinye. Na farko wanki ke maganinsa, na biyu kuwa ko sau goma ka wanke ba zai daina ba.

Bari in tsaya a kan wankin, don shi na fi zato a naka. E8400 ba furosesa mai zafi ba ne. Ya fito a 2008, an ƙera shi a kan wat 65, alhali wasu Pentium 4 na 2004 suna kai wat 115. Ita kuma 780 ta fito a 2009, ka ga ke nan ta haura shekara goma sha biyar. A tsarin Dell na wancan lokacin fanka tana gaba, tana zuƙo iska daga waje ta tura ta cikin rumfar roba zuwa haƙarƙarin ƙarfen da ke shan zafin furosesa. Duk ƙurar da hunturu ya kawo daga Nuwamba zuwa Fabrairu a bakin wannan ƙarfen take taruwa, ta haɗu da gashin takarda ta zama kamar bargo. Lokacin sanyi ba ka ji komai ba saboda iskar ɗakin na rufa asiri. Da Maris ya kama, ɗaki ya doshi digiri 40, sai asirin ya tonu. Ga kuma man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce. In tun na kamfani ne, yanzu ya bushe ya zama kamar alli.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ka zare wuta gaba ɗaya, ka danna maɓallin kunnawa don ragowar wutar ta fita. Ka fita da ita waje ka hura da bulowa, amma ka riƙe fikafikan fankar da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalata gindin da ba abin da ya same shi. Sukurori biyu ke riƙe rumfar da ƙarfen. Ka kwance, ka ɗaga. Ka goge tsohon man da sifirit da tsumma mai tsabta, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar ka ɗaure daidai. Shi furosesan kada ka ciro shi daga mazauninsa, don ƙananan alluran da ke ƙarƙashinsa guda 775 ne, ɗaya ta lanƙwashe ka shiga wani aikin. Mai irin Arctic MX-4 ya isa. Ina roƙonka ka tsaya a kai in wani ne zai yi maka. An taɓa shafa wa tawa man goge baki aka ce mini duk ɗaya ne, ba ta yi mako biyu ba ta koma ruri fiye da da, kuma na ji zafin abin sosai don a tsakiyar aikin mutane ta riƙa mutuwa.

Dalilin da wannan ke rage ƙara sosai shi ne ƙarar fanka ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ragu da rabi, ƙarar kan sauka da kusan desibel 15 (ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma kunnen mutum na jin saukar desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Wato ko kaɗan ka sauke zafin, kunnenka zai ji bambanci babba.

Sabuwar fanka kuma fa? A kwamfutar da aka harhaɗa da hannu abu ne mai sauƙi, ka sa babba mai milimita 120 da ke tura iska mai yawa tana juyawa a hankali, ko ka sauya ƙarfen duka da irin Cooler Master Hyper 212. A taka kwamfutar, wannan ƙofar a rufe take. Mazaunin ƙarfen Dell nasu ne su kaɗai, na kasuwa ba zai hau ba. Bakin wayar fankar ma nasu ne, mai rami biyar, kuma jerin wayoyin ya bambanta da na fankar gama-gari mai huɗu. In aka yanke aka haɗa ba bisa sani ba, ko dai ta riƙa gudu a ƙure, ko kwamfutar ta tsaya a duk kunnawa tana cewa fanka ta lalace sai ka danna F1. Abin da za ka samu a kasuwa yawanci fanka ce da aka ciro daga wata tsohuwar Dell, sa'ar taka a shekaru. Don haka in gurnani ka ji, ka cire taka ka tafi da ita, a duba lambar da ke jikinta, a jona maka wadda za ka saya ka ji muryarta kafin ka biya. In ba a samu ba, wasu fankokin suna da ɗan rami a ƙarƙashin takardar da ke manne a bayansu. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki na iya ba ka wasu watanni. WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, ba ya wannan aikin, wanke man da ya rage yake yi.

In an jera su, wanki ya fi arha, yana sauke zafin kansa, kuma haɗarinsa kaɗan ne, sai dai dole ka maimaita hurawar duk ƙarshen hunturu. Sauya fanka ya fi tsada da wahalar nema, ba ya kawar da ƙura da busasshen man da ke jawo zafin, amma shi kaɗai ke kashe gurnani. Wanda ya sa sabuwar fanka a kan ƙarfen da ya toshe zai ji ta tana ruri kamar tsohuwar.

Akwai dabara ta uku da za ka iya ji a bakin masu gyara, wato a rage wa fankar wuta daga bolt 12 zuwa 7. Tana yin shiru, gaskiya ne. Amma a shagon da babu na'urar sanyaya ɗaki, cikin Afrilu, ban yarda da ita ba. E8400 in ya doshi digiri 100 yana rage wa kansa gudu don kada ya ƙone, sai ka ga kwamfuta ta yi shiru amma aiki na jan ƙafa.

Abu biyu za ka duba kafin duk wannan, kyauta ne. Ka danna F2 yayin kunnawa ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, a sashen sarrafa wuta ka nemi Fan Control Override. In an kunna shi, fanka a ƙure za ta riƙa gudu ko da furosesa sanyi ƙalau yake, kashe shi kawai za ka yi. Sannan ka naɗe takarda kamar bututu, ka kara a kunne ka bi fankokin ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa ta akwatin wuta ce ke kuka a ɗora wa ta furosesa laifi. In ita ce, kada ka buɗe akwatin wutar da kanka, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi. A sauya shi ɗungurungum.

Ni dai da tawa ce, tunda ka ce da shigowar zafi abin ya fara, wanki da sabon mai zan fara yi. Ka sa manhajar auna zafi irin Core Temp ko HWMonitor ka rubuta zafin kafin aikin da bayansa, ka ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora a kan tebur, ka bar mata kamar taki ɗaya tsakaninta da bango. In bayan haka tana haura digiri 80 a aikin buga takarda kawai, ko gurnanin na nan, ka turo mana lambobin da hoton takardar da ke jikin fankar mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.