Kejin da aka haɗa mini a Panteka

Tun ina firamare nake kiwon tantabara, don haka in ana maganar ɗakin tsuntsu ba na jin akwai mai koya mini wani abu a Unguwar Dosa. Amma ban taɓa zaton wata rana zan tsaya gaban mai walda ina kwatanta masa dabbar da ni kaina sati biyu kafin nan ban san Allah ya halicce ta ba.

Ƙanena ne ya jawo mini. A Malesiya ya yi karatu, can ya ga ana ajiye wasu 'yan dabbobi da ake kira shuga gilaida a gida kamar yadda muke ajiye mage. Da ya dawo ya samo guda biyu a Abuja, sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal. Ya kawo mini su cikin ɗan kejin aku, ya ce, "Yaya, wata uku kacal." Yau wata goma sha ɗaya ke nan.

Turawa na ce musu shuga gilaida, yarana kuwa kurege mai fiffike. Ba kurege ba ne, ba kuma jemage ba. Danginsu ɗaya da kangaru, macen tana da jaka a ciki inda take rainon ɗanta, asalinsu kuma dazukan Ostireliya da tsibirin Niyu Gini. Babba a cikinsu nauyinsa giram 100 ne zuwa 150, ya kwanta a tafin hannunka jela na reto. Akwai wata fata da ta haɗe hannu da ƙafa ta kowane gefe. In ya miƙe gaɓoɓinsa sai ta buɗe kamar an shanya ɗankwali, ya sulalo daga wannan bishiya zuwa waccan, a daji har kusan mita 50. Da rana barci, da dare tsalle-tsalle. Dabbar da aka yi ta haka, ka kulle ta a kejin aku, ai ka ɗauki alhaki.

Sai na nufi Tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da ke Tudun Wada, nan kusa da Poli, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Duk ɗan Kaduna ya san in ba a iya ƙera abu a Panteka ba, to sai dai a haƙura. Ba zan faɗi sunan shagon ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan faɗa, kuma mutumin ya girme ni. Dattijo ne, zai haura sittin, da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Ƙofofi da tagogi da akurkin kaji na ƙarfe su ne yawancin aikinsa. Na nuna masa bidiyon dabbar a waya. Ya ɗaga baƙin gilashinsa bisa goshi, ya kalla har sau biyu, ya ce, "Malam, wannan ɓera ne ko tsuntsu?" Na ce, "Baba, ni ma riƙo aka ba ni."

Na rubuta masa awo a takarda: tsawo ƙafa 5, faɗi ƙafa 3, zurfi ƙafa 2. Ya yi mini kuɗi naira 120,000, muka daidaita a 95,000, raga kuma ni zan sayo. Na ba da rabi kafin alƙalami, ya ce kwana biyar.

A nan aka fara samun saɓani, kuma rabin laifin nawa ne. Ni da na ce tsawo, sama nake nufi. Shi kuwa da ya ji dabba ce mai ƙafa huɗu, sai ya ɗauka irin ɗakin zomo ne. Ranar da na leƙa na tarar da ƙarfen a kwance, an riga an fitar da gurbin ƙofa a gefe. Ya ce, "Ai duk na zomo haka muke yi." Na sake nuna masa bidiyon, wurin da abin ya yi tsalle daga labule zuwa kafaɗar ƙanena. Bai yi musu ba, bai kuma ce in ƙara ko kwabo ba. Ya sa yaro ya yanke gurbin, aka tayar da kejin tsaye. Wannan dabba ba ruwanta da faɗin ƙasa, bisa take so, can take ci, can take kwana. Mai zuwa da irin wannan aiki, kada ya tsaya ga lamba, ya zana hoton kejin a tsaye, ya zana mutum kusa da shi.

Maganar raga ita ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi muhimmanci. Baba ya fara kawo mini wayar kaji, mai ido shida ɗin nan. Na ƙi, don idonta ya yi faɗi kuma siririya ce. Ƙa'idar masu kiwon wannan dabba ita ce kada rami ya wuce rabin inci, wato wajen santimita 1.3, domin duk inda kanta ya shiga jikin ma zai bi. Sai ya kawo wata mai ƙananan ido, fara sol, irin mai shafen zinki kamar kwanon rufi. Ita ma na ƙi. Su waɗannan ba zama suke yi kan sanda kamar tantabara ba. Dare guda cur suna manne da raga, suna lasa, suna fitsari a kai, kuma shafen zinkin in yana shiga ciki guba ne ga ƙaramar dabba. Kwana biyu na yi ina zaga masu kayan gini kafin na samu koriyar raga mai rufin roba, rabin inci. Ta kusa ninka farar a kuɗi.

Da na kai masa ita ne na san na zo wurin mai sana'a. Ya murza ta da yatsa, ya ce wannan ba ta son wuta, in aka ɗana mata walda robar za ta ƙone, wurin ya yi tsatsa. Sai ya yi wata dabara da ban zo da ita ba. Ya bar ƙarfen kejin ta waje, ya shimfiɗa raga ta ciki, ya danne bakinta da siraran sandunan alminiyom ya buga ribit. Da haka ya kashe matsala biyu: dabbar ba ta kai baki ga fentin ƙarfe, kuma babu tsinin waya ko ɗaya a fili. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don fatar nan da suke tashi da ita ba ta da kauri, tsini ɗaya ya isa ya keta ta. Na sa tafin hannu na shafa ciki kusurwa-kusurwa, ban ji abin da ya karce ni ba. Ƙarƙashin ragar ƙasa kuma ya sa faranti na alminiyom mai jawowa kamar durowa, maƙwabcinsa mai tukwane ya buga shi. Kullum da safe in zare, in wanke, in mayar.

Sai ƙafafu. Ni tayoyi na so, don in riƙa turawa. Ya tambaye ni me suke ci. Na ce gwanda, kankana, dafaffen ƙwai, ƙwari, da ɗan abin zaƙi. Ya yi dariya ya ce, "To kiyashi da cinnaka kake gayyata, Malam." Ya liƙa wa kowace ƙafa ɗan kofin ƙarfe da ake zuba ruwa, irin dabarar da iyayenmu ke yi wa kabad ɗin abinci da gwangwanin madara. Na rasa tayoyi, sai mu biyu muke ɗaga kejin in za a share ɗaki, amma har yau kiyashi bai hau ba.

Kwana biyar ɗin nan sai da ya zama goma sha shida. Yau an ɗauke wuta, gobe janareta ya ƙi tashi, jibi yaro ya tafi biki Zariya. Sau ɗaya ma na tarar an jingine aikina ana haɗa wa wani Alhaji ƙofar gida. Na gane, ƙofa ta fi keji kawo kuɗi. Amma da an ce mini sati biyu tun farko, da ban yi ta asarar kuɗin Napep ba.

Daren uku da tarewa, wajen ƙarfe biyu, na ji haushi kamar na ɗan kwikwiyo. Haka suke kuka in suna kiran juna. Uwargida ta tashe ni ta ce sautin ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Na haska fitila, macen na cikin keji, namijin kuwa yana can saman ƙarfen labule yana kallona da manyan idanunsa. Allah ya taimaka babu wuta a daren, fanka ba ta juyawa. Ban taɓa murna da ɗauke wuta ba sai ran nan. Da gari ya waye na duba, ashe tsakanin ƙofa da gurbinta ta sama akwai tazarar da ɗan yatsana ke shiga, sakata ɗaya ce kuma a tsakiya, in an tura kusurwar sai ta ɗan buɗe. Ga kaza ko zomo wannan ba komai ba ne. Na kira Baba. Kafin azahar sai ga shi da kansa bisa acaɓa, da yaro riƙe da kayan aiki. Ya ƙara wa ƙofar leɓe ta ciki, ya sa sakata ta biyu a sama, ya huda wurin ƙaramin kwaɗo, don hannunsu kamar na biri ne, suna iya ture sakata mai laushi. Kuɗin acaɓa kaɗai ya yarda ya karɓa. Wannan zuwan shi ya wanke masa kwana goma sha shida a wurina.

Kayan ciki ba aikinsa ba ne, sai dai in faɗa a gurguje. Jakar barci daga bargon gwanjo mai laushi na Kasuwar Barci, tela ya ɗinka ta ya ɓoye bakin zare, don farcensu na sarƙewa a zare. Rassa na bishiyar turare na sa, wadda ita ma asalinta Ostireliya, ka ga 'yan gari ɗaya sun haɗu a Kaduna. Na huda ramuka a jiki ina cusa ɗan jiƙaƙƙen ƙaro, tunda a daji ma ƙaron bishiya na cikin abincinsu, su yi ta ƙwaƙula har asuba. Baba ya so ya ƙera mini tayar gudu, amma tasa da sanda a tsakiya, jela na iya naɗewa, na ce a bari. Lokacin hunturu ina lulluɓe gefe uku da bargo, don ba sa jure sanyi. Ɗakin kuma an haramta masa fiya-fiya da duk wani maganin sauro, na fesawa da na kunnawa.

Ƙorafin da ya rage mini ɗaya ne, fenti. Bai sa jan fentin nan na hana tsatsa a ƙasa ba, baƙi kawai ya shafa. Namijin kuwa ba ya gajiya da yi wa wurinsa alama da fitsari, yana gangarowa ta raga zuwa ƙarfe. Damina ɗaya, kusurwoyin ƙasa biyu sun fara ja. Dabbar da ke iya shekara goma ko fiye a hannun mutum, bai kamata kejinta ya fara tsatsa kafin shekara ba. Wanda zai je, ya faɗi maganar jan fenti da bakinsa, ya biya kuɗinsa daban in ta kama, ya kuma bar kejin ya sha iska a waje har warin ya fita sarai kafin ya sa dabba.

In aka tambaye ni ko zan koma, zan koma, har na tura wani abokina mai aku biyu. Amma na ce masa ya sayi ragarsa da kansa, ranar sa ƙofa kuma ya je ya zauna da tef a hannu.

Shekaranjiya na kira Baba kan tsatsar. Ya ce in mayar da su kejin aku na kwana biyu, in kawo masa ranar Litinin ya kankare ya sake fenti. Na ce, "Baba, kwana biyu irin na wancan karon?" Ya yi dariya ya ce in gaida ɓerayen.